Kamamme a Yaƙin Wani: Haƙƙinsa na Wuyan Wa?

Hausawa kan ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Akwai bashin kuɗi, wanda akan rubuta a takarda, a kafa shaidu, a yanka ranar biya. Akwai kuma bashin da ba ya da takarda, wanda al'umma kan ci a hannun mutanen da suka sha wuya a gabanta, kuma shiru kaɗai ya isa ya danne shi. Irin wannan bashi na biyu shi ne ke tsakanin mutanen yau da samarin Afirka ta Yamma da Jamusawa suka tsare a sansanonin fursunonin yaƙi daga 1940 zuwa 1944. Tambayar da ta dace malamin makaranta a Dogon Kiriya, ko shugaban ƙungiyar raya al'adu a Dogon Dutsi da Tibiri, ya tsaya a kanta ita ce: mutumin da aka kama a yaƙin da ba shi ya tayar ba, ƙarƙashin tutar da ba ta ubansa ba, wa yake bi haƙƙi? Wanda ya kama shi, ko wanda ya tura shi, ko kuwa gidan da ya fito?

Yadda ɗan Arewa ya zama ɗan Senigal

Tun 1857 gwamna Faidherbe ya kafa rundunar da Faransawa suka raɗa wa suna Tirailleurs sénégalais. Sunan ya tsaya yadda yake, amma mutanen da ke cikinta sun zo ne daga dukkan ƙasashen da Faransa ke mulka a wannan sashe na Afirka: Bambarawa da Mosawa da Fulani, har da Hausawa da Zabarmawa na Nijar. Daga 1919 shiga soja ya zama tilas na shekara 3. Ayarin masu ɗaukar soja kan sauka a bariki, kumandan ya faɗa wa kowane sarki yawan samarin da zai kawo, likita ya duba ƙirji da haƙora, sannan a jefa ƙuri'a. Wanda ta faɗa a kansa ya sa kaki. Wanda ta tsallake, daga 1926, ana iya tura shi aikin tilas na hanya ko na gini. Ƙasar Arewa, da ke shimfiɗe a kwarin Dallol Mawuri kuma babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram ta ratsa ta Dogon Dutsi, tana cikin wannan tsari kamar kowace ƙasa ta Nijar. Shi ya sa tsallaka iyaka zuwa ƙasar Sakkwato da Kabi, inda Ingilishi ke mulki, ya zama mafita ga samari da yawa duk lokacin da aka ji ƙishin-ƙishin ɗaukar soja.

Da yaƙi ya ɓarke a watan Satumba na 1939, aka kwashi dubun-dubatar irin waɗannan samari a jiragen ruwa zuwa Faransa. A watan Mayu na 1940 Jamus ta auka mata, kafin mako 7 ya cika ta durƙusa, aka sa hannu kan tsagaita wuta ran 22 ga Yuni. Sojojin Faransa kimanin miliyan 1.8 suka faɗa hannun Jamusawa. A gida kuwa, babban gwamna Pierre Boisson da ke Dakar ya bi gwamnatin Vichy, wadda ke ɗasawa da Jamus, har zuwa Nuwamba 1942, alhali Cadi ta gwamna Félix Éboué ta bi Janar de Gaulle tun Agusta 1940. Nijar ta wayi gari tana zaman doya da manja da Nijeriya, iyakar da ƴan uwa ke ƙetarawa don cin kasuwa da biki ta zama abin tsaro, labarin waɗanda aka tafi da su kuma ya yi wuyar isowa. Uwa a ƙauye ba ta da hanyar sanin ko ɗanta na cikin matattu ko yana bayan waya.

A bayan waya mai ƙaya

Ba duk wanda ya ɗaga hannu ne ya kai sansani ba. Masanin tarihi Raffael Scheck, a littafin da ya fitar a 2006, ya ƙiyasta cewa Jamusawa sun kashe baƙaƙen sojoji tsakanin 1,500 da 3,000 bayan sun miƙa wuya a watannin Mayu da Yuni na 1940. A Airaines, ran 7 ga Yuni, an harbe kyaftin Charles N'Tchoréré, haifaffen Gabon, domin ya ƙi yarda a ware shi daga sauran hafsoshi farare. A Chasselay, kusa da birnin Lyon, ran 19 da 20 ga Yuni, an ware baƙaƙe daga farare, aka buɗe musu wuta da bindigogin tankoki. Maƙabartar da aka gina musu a can, mai jan bango irin na ganuwar garuruwan Sudan, tana ɗauke da kaburburan baƙaƙen sojoji 188.

Waɗanda suka tsira, yawancinsu ba a bar su a cikin Jamus ba. Gwamnatin Hitila ba ta son baƙar fata ya taka ƙasarta: tana tsoron cututtukan ƙasashen zafi, tana kuma riƙe da haushin zaman da sojojin Afirka suka yi a yankin kogin Rhin bayan yaƙin duniya na farko, har ta kai a 1937 ta sa an yi wa ɗaruruwan ƴaƴan da aka haifa a wancan zama aikin hana haihuwa. Saboda haka fararen fursunoni aka wuce da su Jamus, baƙaƙe da Larabawa da ƴan Asiya kuwa aka tsare su a cikin Faransar da aka mamaye, a sansanonin da ake kira Frontstalag. Kowane sansani da lambarsa: 133 a Rennes, 222 a Bayonne, 230 a Poitiers, inda Léopold Sédar Senghor ya zauna kafin a sake shi a 1942. A watan Afrilu na 1941 fursunonin da suka fito daga ƙasashen mulkin mallaka sun kusa 70,000, fiye da 15,000 daga cikinsu an rubuta su da sunan ƴan Senigal. Akan rarraba su ƙungiya-ƙungiya a tura su gonaki da saran itace da masana'antu. Sanyi da ƙarancin abinci suka buɗe wa tarin fuka ƙofa, ya yi musu mummunar ɓarna.

Duk da haka zaman bai rasa masu alheri ba. Matan Faransa da yawa sun ɗauki fursuna ɗaya-ɗaya tamkar ɗa, suna aika masa wasiƙa da ƙunshin abinci da rigar sanyi. Manoma sun ɓoye waɗanda suka gudu, alhali ɓoye baƙin mutum a ƙauyen farare ya fi ɓoye kowa wuya. Addi Bâ, ɗan Gini, ya tsere, ya taimaka wajen kafa sansanin ƴan gwagwarmaya a duwatsun Vosges, Jamusawa suka kama shi suka harbe shi a Épinal ran 18 ga Disamba 1943.

Haƙƙin da ke wuyan mai kamu

Na farko da kamamme yake bi shi ne wanda ya kama shi. Hujjar wannan a bayyane take. Abin da ya halatta a ɗaga wa soja makami shi ne makamin da ke hannunsa. Da zarar ya ajiye shi, dalilin kashe shi ya faɗi, abin da ya rage ɗan Adam ne mai yunwa da ƙishirwa, wanda ransa ya koma hannun wani. Duk abin da ya koma hannunka ba tare da ikon kare kansa ba, amana ne. Yarjejeniyar Janeba ta 1929, wadda Jamus da Faransa duka suka sa wa hannu, a kan wannan ta tsaya. Tun kafin ta, Alƙur'ani a Suratul Insan ya jera ciyar da kamamme tare da ciyar da miskini da maraya, kuma tarihin Badar ya nuna fursunonin da suka fanshi kansu ta hanyar koya wa yaran Madina rubutu.

Laifin Jamusawan Nazi bai tsaya ga karya wannan doka ba. Sun yarda da ita ga farin Bafaranshe, suka cire baƙar fata daga cikinta, wato sun ce mutunci na da launi. Wannan shi ne abin da N'Tchoréré ya ƙi, ya biya da ransa. Shi ne kuma abin da Jean Moulin, gwamnan lardin Chartres, ya ƙi ran 17 ga Yuni 1940, sa'ad da aka matsa masa ya sa hannu kan takardar da ke ɗora wa baƙaƙen sojoji kisan mata da yaran da bama-baman Jamus suka hallaka. Ya gwammace ya yanka maƙogwaronsa da fasasshen gilashi da ya yi shaidar zur. Mutanen nan biyu, ɗaya baƙi ɗaya fari, sun fahimci abu guda: mutuncin da za a iya cire wa wani saboda fatarsa, ba ya da tabbas a wurin kowa.

Amanar ubangida

Na biyu shi ne wanda ya tura. Nauyinsa ya fi na maƙiyi, domin maƙiyi bai yi alƙawarin komai ba, ubangida kuwa ya yi, kuma alƙawari kaya ne. A nan tarihin ya fi ɗaci. Daga farkon 1943, da Jamus ta bukaci mazanta a fagen yaƙin Rasha, gwamnatin Vichy ta yarda hafsoshin Faransa su karɓi gadin wasu ƙungiyoyin baƙaƙen fursunoni da ke yi wa Jamus aiki. Sojan da ya bi hafsansa cikin wuta a 1940 ya wayi gari hafsan ƙasarsa ne ke tsaron ƙofar kurkukunsa. Masaniyar tarihi Armelle Mabon ta bi diddigin wannan al'amari a littafinta na 2010.

Da aka ƴanta Faransa a 1944, kimanin fursunoni 30,000 na ƙasashen mulkin mallaka suka rage a sansanoni. A kakar wannan shekara aka janye baƙaƙen sojojin da suka yi yaƙin ƴantar da kudancin ƙasar daga fagen daga, aka karɓe kakinsu da makamansu aka ba samarin Faransa, ashe kayan aro ba ya rufe katara. Tsofaffin fursunoni kuwa aka tara su don mayarwa gida, alhali suna bin albashin shekara 4 da kuɗin sallama. A Morlaix, kimanin 300 suka ƙi shiga jirgi sai an biya su. Sauran suka shiga jirgin ruwa mai suna Circassia ran 5 ga Nuwamba, bisa alƙawarin za a cika musu a Dakar, suka sauka ran 21 ga wata, aka kai su barikin Thiaroye. Da suka ga ana shirin watsa su ƙasashensu hannu wofi, suka tsaya kai da fata. Da safiyar 1 ga Disamba 1944 aka zagaye su da motoci masu sulke aka buɗe wuta. Rahoton hukuma ya ce mutum 35 suka mutu, wani rahoton na soja ya ce 70, masana da dama kuwa na ganin adadin ya kai ɗaruruwa. A watan Maris na 1945 kotun soja ta ɗaure 34 daga cikin waɗanda suka tsira, da laifin tawaye.

Mutanen da suka kuɓuta daga hannun maƙiyi sun faɗi a hannun ubangida, kan kuɗin guminsu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma rashin cika alƙawarin bai ƙare a nan ba: dokar 26 ga Disamba 1959 ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojin ƙasashen da suka samu ƴanci, ta yadda mazan jiya biyu da suka kwana a rami ɗaya, na Yamai ke karɓar ɗan abin da bai kai ya kawo ba idan aka gwada da na Paris. Sai a 2001 babbar kotun gudanarwa ta Faransa ta ce wannan wariya ce, a shari'ar Amadou Diop, sai kuma a farkon 2011 aka daidaita kuɗin gaba ɗaya, lokacin da mafi yawan masu haƙƙin sun riga mu gidan gaskiya. Shugaba Hollande ya je Thiaroye a 2014, shugaba Macron kuma ya kira abin da sunansa, kisan kiyashi, a wasiƙar da ya aika Dakar a Nuwamba 2024, shekara 80 bayan aukuwarsa. Amsa laifi abu ne mai kyau, sai dai biyan da ya zo bayan mai bashi ya mutu, magada kaɗai yake sanyaya wa zuciya.

Hujjar masu ja

Na uku shi ne gida, kuma a nan ne mai hankali zai iya ja. Zai ce: me ya sa mutanen Arewa za su ɗauki nauyin tunawa da sojojin Nasara? Rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta auka wa Lugu a watan Afrilu na 1899, ta ƙone garin Sarauniya Mangu, ta wuce ta yi ta'asa a Birnin Ƙonni, Turawan cikinta ƴan ƙalilan ne. Hannuwan da suka riƙe bindiga da wuta na ƴan Afirka ne masu irin wannan kaki. Zai ƙara da cewa tsofaffin sojoji da yawa, da suka dawo, sun zama gardawan kumandan, su ke bin talakawa da bulala kan haraji da aikin tilas. A ganinsa, wanda ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski: Faransa ta ɗauke su, Faransa ta tuna da su.

Wannan hujja tana da nauyi, kuma ba a amsa ta da rufe ido. Amma ta haɗa abubuwa biyu da suka bambanta, wato yabo da tunawa. Yabo sakamako ne na aikin kirki, akan ba wanda ya cancanta. Tunawa kuwa shaida ce, cewa wane ɗan wane ya rayu, an ɗauke shi daga gari kaza, abu kaza ya same shi. Mai shaida ba ya zaɓar abin da zai faɗa don ya yi wa wani daɗi. Wanda ya yarda a faɗi gaskiyar Lugu, ya wajaba ya yarda a faɗi gaskiyar Frontstalag, domin tsari ɗaya ne ya haifi su biyun: tsarin da ke ɗaukar ɗan wannan gari ya sa shi ƙone wancan, sannan ya ɗauki jikan wanda aka ƙone wa gari ya kai shi bakin igwar Jamus.

Sannan akwai tambayar da mai jan bai yi ba: wa ya miƙa yaron? Kumandan lamba kawai yake faɗa. Zaɓen wanda zai je layin ƙuri'a a cikin gari ake yin sa, kuma abin da aka sani a faɗin Afirka ta Yamma shi ne, ɗan sarki da ɗan mai hali sukan samu mafaka, maraya da ɗan talaka da ɗan baiwa su ake turawa. Tafiyar wannan yaro ita ta sa sauran samarin garin suka kwana a ɗakunan iyayensu, suka yi aure, suka bar zuriya. Ke nan ya zama fansar gari ko da bai zaɓa ba, kuma garin da aka fansa da mutum ba ya da bakin cewa ba ruwansa da shi.

Akwai kuma wani dalilin da ya sa shirun ya yi tsawo. A tsohuwar al'adar yaƙi ta ƙasar Hausa, makomar kamamme ɗayan biyu ce, fansa ko bauta, kuma kirari na wanda ya kashe ne ko wanda ya faɗi a fage. Maroƙi ba ya da taken da zai yi wa mutumin da ya shekara 4 yana cire dankali a gonar wani ƙarƙashin bindiga. Wannan ma'auni ya dace a sake duba shi. Jure yunwa da sanyi da wulaƙanci ba tare da mutum ya sayar da ɗan uwansa ba, jarunta ce, ko da ba ta da ganga. Kunyar kamu tana kan wanda ya wulaƙanta kamamme, da wanda ya ci haƙƙinsa.

Abin da ya rage a wuyan gida

Maƙiyi ya cire wa waɗannan mutane mutunci, ubangida ya danne musu kuɗi, su biyun kuma sun haɗu a kan shafe musu asali, domin takardunsu duka ƴan Senigal suke cewa. Kuɗi da neman gafara na wuyan hukumomi. Mayar wa mutum sunansa da na ubansa da na garinsu kuwa, gida kaɗai ke iya yin sa, kuma ba ya bukatar izinin kowa.

Aikin na malamai ne da ƙungiyoyin al'adu. Waɗanda suka je yaƙin kusan duk sun kwanta dama, amma ƴaƴansu da jikokinsu suna nan, kuma a cikin akwatunan ƙarfe na gidajen mazan jiya akan tarar da littafin soja, da lambar girma, da hoton da ya koɗe. Malamin aji zai iya tura ɗalibansa su tambayi tsofaffin gidansu: wa aka ɗauka soja a zamanin yaƙin Hitila, wace shekara, ya dawo ko bai dawo ba, me ya riƙa faɗa, me kuma ya ƙi faɗa? Lambar da ke cikin littafin soja mabuɗi ce, domin da ita ake neman fayil a ma'ajiyar takardun sojojin Faransa da ke Pau, da ta waɗanda yaƙi ya rutsa da su da ke Caen, da kuma ta hukumar Kuros Ruj ta duniya a Janeba. A Yamai akwai ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, da cibiyar IRSH, da CELHTO mai tattara tarihin baka, waɗanda za su iya adana abin da aka naɗa. Fim ɗin Camp de Thiaroye na Ousmane Sembène da Thierno Faty Sow, wanda ya fito a 1988, ya isa ya buɗe muhawara a kowane dandalin matasa.

Sharaɗi ɗaya ne ya kamata a kiyaye. Tun da sojojin Faransa na ƙarshe suka bar Nijar a Disamba 2023, sha'awar waiwayar tarihin mulkin mallaka ta ƙaru, kuma waiwaye adon tafiya ne. Sai dai akwai haɗarin a mayar da waɗannan bayin Allah sandar dukan abokin gaba na yau, a ƙara gishiri inda babu, a manta da matar da ta aika rigar sanyi da manomin da ya ɓoye mai gudu a rumbunsa, a kuma manta da hannun sarakuna da masu gari a cikin miƙa yaran. Yin haka sake ɗaukar su soja ne a yaƙin da ba nasu ba. An yi amfani da su sau ɗaya suna raye. Adalci shi ne a bar su su zama mutane a wannan karo, kowa da sunansa, da alherinsa da laifinsa.

Ranar da makarantar Dogon Kiriya ko ta Matankari ta rataya allo mai ɗauke da sunayen ƴan garin da aka tafi da su, kowane suna da shekararsa da ƙauyensa, kuma aka samu yaro ya nuna ɗaya ya ce wannan kakan babana ne, a ranar gida ya fara sauke nasa kason na bashin.